Mako uku da gwiwar yayana a hannun wani asibitin kuɗi a Sakkwato

Shimfiɗa tayil ce sana'ar yayana, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai wannan aiki ya san cewa a durƙushe ake yin sa tun daga safe har la'asar, gwiwa a kan siminti, hannu ɗaya riƙe da cokalin gini, ɗaya da gudumar roba. A cikin watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, yana aiki a wani sabon gida a Arkilla sai tsinin wani fasasshen tayil ya karce shi a saman ƙoƙon gwiwar dama. Raunin bai kai tsawon farce ba, don haka ya goge jinin da gefen wandonsa, ya koma ya durƙusa a kan gwiwar nan ya ƙarasa falon da yake yi.

Bayan kwana 4 gwiwar ta yi suntum kamar an cusa rabin lemo a ƙarƙashin fata, tana sheƙi, tana zafi ko da mutum bai kai hannu sosai ba. Ya aika yaro kemis aka haɗo masa Ampiclox da daikulofenak da waɗansu ƙananan ƙwayoyi farare waɗanda daga baya muka gane deksa ne, wato irin maganin nan mai danne kumburi da ake kira sitiroyid. Zogin ya lafa na yini guda, har ya fara maganar komawa aiki, amma a dare na biyu masassara ta rufe shi yana rawar ɗari a cikin wannan zafi da kowa ke neman inda zai sami iska. Inna ta dubi kumburin ta yanke hukunci nan take: "A kirawo wanzami shi yi mishi sakiya, maruru ne ya rasa baki." Ni ne na roƙe ta a ɗan jinkirta zuwa safe, na yi mata alkawarin cewa idan asibiti ba su yi wani abin kirki ba, da kaina zan je in kira wanzamin.

Asibitin da muka je na kuɗi ne, matsakaici, a cikin gari, kuma ba zan ambaci sunansa ba saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma ƙorafi. Abin da ya kai mu can shi ne wani abokin aikina ya gaya mini cewa likitan ƙashi yana zama a wurin da safe kwana uku a mako, kuma ranar ta dace da ɗaya daga cikinsu. Mun isa wajen ƙarfe 8, na tallabo Yaya daga cikin a-daidaita-sahu yana ɗingishi. Yankan kati bai ɗauki lokaci ba, wurin jira a share yake tsaf, fanka tana juyawa da wutar sola, kuma nas ɗin da ta gwada zafin jikinsa, da ta ga 38.7, ba ta bar mu a layi ba, ta shiga ta sanar da likita aka sa mu gaba da mutum biyar. Wannan shi ne abu na farko da na yaba.

Abin da likitan ya fara yi ya ba ni mamaki, domin bai fara da kumburin ba. Ya kwantar da Yaya a kan gado, ya kama diddigensa da hannu ɗaya, ya sa ɗayan a ƙarƙashin gwiwar, ya riƙa lanƙwasa ƙafar yana miƙewa a hankali, idonsa a kan fuskar Yaya ba a kan ƙafar ba. Ƙafar ta lanƙwasu har kusan rabi ba tare da Yaya ya ko yamutsa fuska ba. Sai da aka matsa ta sosai, fatar saman gwiwar ta ɗame, sannan ya ce "wash". Likitan ya tambaye shi, "Malam, da ƙafarka ka tako daga bakin ƙofa?" Yaya ya ce, "Ranka shi daɗe, na taka, sai dai da ƙyar." Sai ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi, ga dukkan alamu ciwon a jaka yake, bai shiga cikin gaɓa ba.

Ban taɓa jin cewa akwai wata jaka a gwiwa ba, kuma a nan ne na ga amfanin likitan da ba ya ƙyashin bayani. Ya jawo takarda ya zana ƙoƙon gwiwa, ya zana fata a samansa, sannan ya zana wata 'yar siririyar jaka a tsakaninsu. Sunanta bursa a bakin likitoci, kuma jikin mutum yana da irinta fiye da 150, a duk inda fata ko jijiya ke goguwa da ƙashi. A lafiyayyen jiki a shafe take kamar ledar da ba a hura ba, da ɗan ruwa mai santsi a ciki wanda ke sa fata ta zame a kan ƙashi ba tare da ciwo ba. Mafi yawansu suna can ciki a ƙarƙashin tsoka, kamar ta kafaɗa da ta ƙugu, shi ya sa ba kasafai ƙwayar cuta ke kai musu ba. Biyu ne suka fi shiga uku, wato ta saman ƙoƙon gwiwa da ta tsinin gwiwar hannu, saboda fata ce kawai ta raba su da waje. Mutumin da ke yini a durƙushe, ko mai tayil ne, ko mai gyaran famfo, ko bakaniken da ke jan jiki a ƙarƙashin mota, ko manomin da ke dashen albasa a fadama, ya riga ya gurje jakar har ta tara ruwa, saboda haka da zarar ƙaya ko tsinin ƙarfe ko cizon ƙwaro ya buɗe fata, ƙwayar bakteriya ta sami ɗaki mai ɗumi da ruwa inda jini ba ya yawan zagayawa balle ya kore ta.

Ya ce a cikin kowane mutum 10 da ke da wannan ciwo, kusan 8 ƙwaya ɗaya ce ke kama su, wadda ake kira sitafilokokus, saura kuma galibi 'yar uwarta ce sitireftokokus. Da na ji sunan sai na tuna masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, waɗanda suka mayar da "sitaf" wata cutar sanyi ta ma'aurata da ba ta jin magani sai nasu. Na faɗa masa, ya yi dariya ya ce ƙwayar nan a kan fata da cikin hanci take zaune, kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita lafiya lau bai sani ba, kuma ba ta zama abin tsoro sai ta sami ƙofar shiga jiki.

Dalilin da ya sa ya fara da lanƙwasa ƙafa kuwa shi ne bambanci tsakanin ciwon jaka da ciwon gaɓa, wanda ya ce shi ne tambaya mafi girma a ranar farko. Jakar saman ƙoƙon gwiwa ba ta da hanya zuwa cikin gaɓar, don haka idan ita kaɗai ta kamu, mutum yana iya motsa ƙafa gwargwado. Idan kuwa mugunya ta taru a cikin gaɓar kanta, ko ɗan motsi kaɗan mutum ba ya jurewa, kuma guringuntsi yana iya lalacewa cikin 'yan kwanaki, abin da ke barin mutum da sandararriyar ƙafa har abada. Ya faɗa mana kai tsaye cewa da haka ya gani, ba zai riƙe mu ba, takarda zai rubuta mana zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Wamakko domin a wanke gaɓar a ɗakin tiyata. Asibitin kuɗi da zai gaya maka iyakar abin da zai iya tun kafin ka biya, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma wannan magana ce ta sa na saki jiki da shi.

Daga nan aka yi hoton ƙashi domin a tabbatar babu tsagewa kuma babu ɓarɓashin tayil da ya maƙale a ciki, hoton ya fito lafiya. Sai aka zo kan babban aikin, wanda saboda shi ne nake ganin kuɗinmu bai tafi a banza ba. Nas ta wanke gwiwar da ruwan aidin sau uku, tana farawa daga tsakiya tana zagayowa waje, ta rufe ta da kyalle mai rami a tsakiya. Likitan ya sa safar hannu, ya yi 'yar allurar kashe zafi, sannan ya ɗauki sirinji mai kaurin allura ya shiga daga gefen kumburin, ba daga samansa inda fata ta yi laushi ba. Ina tsaye a wajen kan Yaya, ya damƙe hannuna, na ga ruwa yana hawa cikin sirinjin, launinsa kamar ruwan tsamiya da aka dama da gari, gurɓatacce, da ɗan jirwayen jini. Sirinji guda ya cika, na biyu ya kai rabi, kuma a gaban idona kumburin ya saki, fatar da ke sheƙi ta yi tamoji. Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya ce tun daren jiya bai ji daɗin ƙafar kamar yanzu ba. Aka raba ruwan a ƙananan kwalabe biyu aka rubuta sunansa a jiki.

Na tambayi likitan mene ne bambancin wannan da sakiyar da Inna ke so a yi, tun da duka fitar da mugunya ne. Bai raina tambayar ba. Ya ce Inna ta yi gaskiya da ta ce ruwan yana buƙatar fita, amma jakar nan ba maruru ba ce, idan aka huda ta da faffaɗan baki takan ƙi rufewa ta yi ta tsiyaya makonni, ƙarfen da ba a dafa ba yana ƙara shigar da wata ƙwayar ko ya jawo tetanus, kuma hannun da bai san inda jaka ta ƙare gaɓa ta fara ba yana iya kai cutar daidai inda ake gudun ta kai. Ban da haka, ruwan da ya zube a ƙasa ba wanda zai gwada shi. Ido ba ya iya bambanta jakar da ta kumbura saboda gurzuwa kawai, da wadda gawut, wani ciwon gaɓoɓi, ya kumbura, da wadda bakteriya ta kama, domin dukansu suna iya yin zafi su yi ja, alhali maganinsu ya sha bamban. Wadda ba ta da ƙwayar cuta hutu da ɗauri da maganin zogi sukan ishe ta, wani lokaci har a yi mata allurar sitiroyid, amma wannan allura idan aka yi ta a jakar da ke da bakteriya, kamar zuba fetur ne a wuta. A nan ne ya karɓi ledar magungunan kemis ya zazzage a kan tebur, ya ware ƙananan fararen nan da bakin biro ya ce kada Yaya ya ƙara haɗiye ko ɗaya, domin su ne suka kwantar da zogin na yini guda suka kuma danne garkuwar jikinsa.

Wani ƙaramin abu da ya yi ya tsaya mini a rai. A baƙar fata ba a ganin ja sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ya yi sheƙi, don haka ya bi da bayan hannunsa yana laluben inda zafi ya tsaya, ya zagaye iyakar da biro tun daga saman gwiwa har zuwa tsakiyar ƙwauri, ya rubuta kwanan wata a gefe. Ya kuma taɓa matsematsin Yaya ya sami kaluluwa. Kullum da safe wannan zane muke fara dubawa, kuma ko Inna da ba ta yarda da asibiti ba, da ta zo dubiya ta ga zafin ya ja da baya ya bar layin biro a sarari, ba ta ƙara ambaton wanzami ba.

Sakamakon jini ne ya zo da abin da ba mu zata ba. Sugan Yaya ya haura 280, alhali 200 ma ga mai alamomi ya isa a ce akwai ciwon. Likitan ya ce deksa tana ɗaga suga, don haka ba zai yanke hukunci da wannan gwaji kaɗai ba, ya sa aka yi wani gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata 3 da suka wuce, shi ma ya fito sama. Sai a lokacin Yaya ya yarda cewa ya daɗe yana tashi fitsari sau huɗu a dare, yana ɗora laifin a kan yawan ruwan da zafi ke sa shi sha. Tasa gwiwar tana zafi, tamu kuwa ta yi sanyi. Ciwon suga yana cikin manyan abubuwan da ke sa ƙaramin rauni ya zama babba, tare da ciwon ƙoda, da shan giya, da daɗewa ana shan sitiroyid, da duk wata cuta mai raunana garkuwar jiki. An kuma tambaye shi ko yana shan nonon da ba a dafa ba, ko yana hulɗa da dabbobi, ko ya taɓa yin tarin fuka, domin a ƙasar kiwo irin tamu akwai kumburin jaka mai tafiyar hawainiya da ƙwayar burusela, wadda ake ɗauka daga dabbobi, ko ta tarin fuka ke kawowa, wanda maganinsa daban ne. Na Yaya mai gaggawa ne, bai yi kama da waɗannan ba.

Mai wannan ciwo da ba shi da zazzaɓi kuma ba shi da wata cuta a jiki, yawanci ƙwayoyi ake ba shi ya koma gida ya dawo bayan kwana biyu a duba. Yaya kuwa ya haɗa zazzaɓi da suga da zafin da ya bazu zuwa ƙwauri, don haka aka ba shi gado, aka sa masa kanula a hannu, aka fara allurar kuloksasilin ta jijiya duk bayan awa 6, tare da insulin da allurar tetanus, aka ɗaure gwiwar da bandeji aka ɗora ƙafar a kan matasai biyu. Kafin a fara an tambaye shi sau biyu ko maganin fenisilin ya taɓa yi masa ƙaiƙayi ko kumburin fuska, domin mai irin wannan kilindamaisin ake ba shi a madadinsa.

Daga nan ne asibitin ya fara nuna ɗaya fuskarsa. Da rana aiki yana tafiya kamar agogo, amma da dare nas ɗaya ce ke riƙe da ɗakunan maza da na mata gaba ɗaya. A dare na biyu allurar ƙarfe 12 ba ta zo ba. Na jira har ɗaya saura, na fita na same ta tana fama da wata mai naƙuda, ta ce in yi haƙuri tana zuwa, ba ta iso ba sai wajen ƙarfe 3. Ban ga laifinta ba, mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu, amma na ga laifin masu asibitin, domin likitansu ne da bakinsa ya gaya mana cewa wannan magani ba ya daɗewa a cikin jini, shi ya sa ake maimaita shi sau huɗu a yini. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da safe na leƙa takardar da ke rataye a ƙafar gado na ga an rubuta 12 daidai, kamar ba abin da ya faru. Na gaya wa likitan, ya gyara da hannunsa, ya kira babbar nas ya yi mata magana a gabana, kuma hakan bai sake faruwa ba, amma da ban kwana a wurin ba, ba wanda zai sani. Batirin sola ma yakan mutu wajen ƙarfe 2, ba sa tada janareta sai idan akwai tiyata, don haka mafici na yi ta kaɗawa har asuba a kan mutumin da ke fama da zazzaɓi.

Ƙorafi na biyu a kan ɗakin gwaji ne. Gwajin farko, wanda ake shafa ruwan a gilashi a rina shi a duba da madubin likita, a nan suke yin sa kuma ya fito ranar, ya nuna ƙwayoyi a cure kamar nonon inabi, wanda shi ne kamannin sitafilokokus. Gwaji na biyu, wato shuka ƙwayar a ga ta tsiro sannan a gwada wane magani ke kashe ta, ba su da kayan yin sa, waje suke aikawa, kuma ba wanda ya gaya mana haka sai da na matsa da tambaya. Aikin kwana 2 zuwa 3 ne, amma sai a rana ta 5 takardar ta iso, bayan na yi sawu uku zuwa tagar. Da ƙwayar ta kasance irin mai taurin kai wadda ba ta jin kuloksasilin, wadda sai an koma ga Septrin ko doksisaikilin ko allurar bankomaisin, da kwana biyun nan da aka ɓata sun yi mana tsada. Allah ya taimake mu takardar ta nuna maganin da ake ba shi ya dace.

Takardar ta kuma warware mini wani abu da ke damuna, wato me ya sa Ampiclox ɗin da ya sha bai yi aiki ba alhali akwai kuloksasilin a cikinsa. Kafso mai 500 rabi biyu ne, 250 na amfisilin da 250 na kuloksasilin. Rabin farko ba ya yi wa mafi yawan sitafilokokus komai, kuma takardarmu ta nuna haka baƙi da fari. Rabin da ya rage ya yi kaɗan ga jakar da ta cika da mugunya, balle ga shi Yaya sau biyu yake sha a yini, idan ya tuna. Likitan ya ƙara da cewa mun yi sa'a ma da ƙwayar ta tsiro, domin shan irin waɗannan magunguna kafin a ɗebi ruwan yakan sa gwajin ya fito babu komai alhali cutar tana nan.

A rana ta 3 jakar ta sake tara ruwa, hankalina ya tashi, amma ya ce abu ne da aka saba gani, ya sake zuƙewa, wannan karon bai kai rabin sirinji ba kuma ya fi na farko haske. Ya ce idan aka zuƙe sau biyu ko uku ruwan yana dawowa da kauri, ko mugunyar ta rabu ɗaki-ɗaki yadda allura ba za ta kai ba, to sai a tsaga a wanke, idan kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai a cire jakar ɗungurungum, jiki yakan sake yin wata daga baya. Ba mu kai ga haka ba. Zazzaɓin ya sauka tun rana ta 2, a rana ta 5 aka cire kanula aka sallame mu da fulukuloksasilin na sha sau huɗu a yini, kafin cin abinci, da metfomin na suga.

Game da kuɗi, ba zan ce sun yi tsada fiye da sauran asibitocin kuɗi na garin nan ba, amma yadda suke karɓa ne bai yi mini ba. An sa mun ajiye kuɗi masu kauri kafin a ba da gado, sannan kusan kowace safiya sai a miƙo wata 'yar takarda ta safar hannu, ko sirinji, ko ruwan wanke ciwo, a ce wannan ba ya cikin ajiya. Na nemi a ba ni lissafi dalla-dalla a takarda ɗaya, sai ranar sallama aka ba ni, a ciki na tarar an rubuta zuƙe ruwa sau uku alhali sau biyu aka yi. Mai karɓar kuɗin ya duba fayil ya ba ni haƙuri ya cire, ba gardama, amma ragowar ajiyarmu sai da na koma sau biyu kafin ta fito. Maganin da za a tafi da shi gida kuma na same shi da sauƙi ƙwarai a wani babban kantin magani, kuma likitan bai ɓata rai ba da na ce a rubuta mini in saya a waje. Duk wanda zai kai nasa can, ina ba shi shawara ya riƙe littafi ya riƙa rubuta kowace allura da lokacinta da kowane rasit, ya kuma tabbatar akwai mai jinya da zai kwana ido biyu. Ya kuma bincika ranar da likitan ƙashin ke zama kafin ya je, domin matashin likitan da ke riƙon wurin a sauran ranaku mai ladabi ne, amma duk tambayar da na yi masa cewa yake a bari sai babba ya zo.

An rubuta maganin ya cika kwana 14, amma da muka koma a rana ta 12 likitan ya danna wurin ya ji sauran ɗumi, ya ƙara mako guda saboda sugan, ya zama kwana 21. Wannan mako na ƙarshe shi ne ya fi wahala, ba don ciwo ba, sai don Yaya ya warke a ganinsa, mai gidan Arkilla yana ta bugo waya, yaran aikinsa suna zaune ba abin yi. Matarsa ce ta riƙe kwalin maganin tana ƙirga ƙwayoyin, ni kuma na riƙa zuwa bayan isha'i ina duba gwiwar. Likitan ya yarda ya koma wurin aiki ya tsaya a kan yara yana nuna musu, amma ya hana shi durƙuso har mako 6, sallah ma a zaune a kan kujera ya riƙa yin ta har wurin ya daina zafi idan an danna. A zuwanmu na ƙarshe ba su karɓi kuɗin ganin likita ba, suka ce yana cikin na farko.

Yanzu gwiwar ta koma daidai, sai wani ɗan tauri kamar ƙwayar gyaɗa da ake ji a ƙarƙashin fata, wanda aka ce tabon jakar ne kuma yana iya daɗewa bai baje ba. Yaya ya sa wani mai ɗinkin kujeru ya yanka masa soso mai kauri ya rufe da leda ya sa masa maɗauri, ya yi wa yaransa biyu ma irinsa, ko da yake ƙaramin yakan cire nasa da zarar maigida ya juya baya, wai yana sa shi gumi. A cikin jakar kayan aikinsa, kusa da gudumar roba, yanzu akwai kwalbar aidin da filasta. Gwajin suga na wata 3 kuma a asibitin gwamnati muka yanke za a ci gaba da yin sa, saboda jinya ce mai tsawo kuma aljihunmu ba zai ɗauki 'yan takardun safiya na wancan wuri ba.